Filin Gwaggo: Doguwar Ɗiya Daga Bukkuyum Da Ƙwallon Kwando

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, duka daga yammacin Zamfara, duka kuma a kan magana guda. Tun da 'yan matan Najeriya suka sake ɗauko kofin ƙwallon kwando na Afirka a birnin Abijan cikin watan Agustan 2025, tambaya a kan wasan nan take ta shigowa filinmu, har daga garuruwan da ko filin wasan babu. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

WASIƘA TA FARKO

Assalamu alaikum Gwaggo. Ya aiki, ya iyali? Ni ɗiyarki ce daga ƙaramar hukumar Bukkuyum, shekaruna sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare. Allah ya yi ni doguwa, duk ajinmu babu wadda ta kamo kafaɗata, da aka auna ni a asibiti an ce santimita 184. Tun ina ƙarama ake tsokanata, wasu su ce falwaya, wasu su ce raƙumin dawa, har na saba tafiya a duƙe. A hutun bara na je wurin yayata da ke aure a Sakkwato, sai wata maƙwabciyarta ɗalibar jami'a ta kai ni filin ƙwallon kwando. Gwaggo, ranar ce rana ta farko da wani ya kalli tsawona ya ce masha Allah. Da na dawo gida na fasa gindin tsohon bokiti na ɗaure a jikin darbejiyar gidanmu, kullum bayan la'asar ina jifa. Na kalli wasan 'yan Najeriya a wayar yayana, na kuma ji a rediyo an ce kowace za a ba ta dala dubu ɗari da gida. Na yi wa Baba maganar, ya ce kada ya sake ji. Inna ba ta ce komai ba. Yanzu akwai wani mutum a Facebook da ya ce yana da makarantar horar da 'yan wasa a Legas, daga can sai Turai. Ya ce in tura kuɗin fom da hotunana, kuma in riƙa cewa shekaruna sha uku. Gwaggo, wasan nan sana'a ce ta gaske ko ina yaudarar kaina? In tafi?

Ɗiyarki, daga Bukkuyum.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Zan fara da ƙarshen wasiƙarki, domin shi ne ya hana ni sukuni. Kada ki tafi. Kada ki tura wa mutumin nan ko sisi, kada ki tura hoto, kada ki tura takardar haihuwa ko lambar katin ɗan ƙasa. Yau ɗin nan ki nuna wa Innarki da yayanki duk saƙonnin da ya aiko, sannan ki toshe shi. Mai neman 'yan wasa na gaskiya ba ya ɗaukar yarinyar da bai taɓa ganin ta riƙe ƙwallo ba, ba ya kuma zagaye iyayenta ya yi magana da ita a ɓoye. A wannan sana'a ƙungiya ce ke biyan 'yar wasa, dillali kuma kasonsa yana fitowa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Duk wanda ya fara da neman kuɗi da hotunan yarinya 'yar shekara sha shida, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma abin ya fi haka muni, domin da irin wannan alkawari na aiki da karatu da wasa masu safarar mutane suke raba 'yan mata da gidajensu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofis a Sakkwato, yayanki zai iya kai musu saƙonnin. Batun rage shekaru kuwa ƙarya ce da ke bin mutum har tsufa. Shekarunki suna nan a rajistar makaranta da ta jarrabawa da ta katin ɗan ƙasa, ranar da takardu suka saɓa wa juna, a ranar ƙofa take rufewa.

To, mu dawo kan tambayarki. Sana'a ce, ɗiyata, ta gaske, kuma a duk Afirka babu matan da suka kai na ƙasarki iya ta. Ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta fara cin kofin nahiyar a Maputo a 2003, ta sake ci a Abuja a 2005. Bayan dogon shiru ta dawo a Bamako a 2017, daga nan ba ta ƙara sakin kofin ba: Dakar a 2019, Yawunde a 2021, Kigali a 2023, sai Abijan a 2025 inda ta doke Mali da maki 78 da 64. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 sun ba Ostareliya kashi da maki 75 da 62, suka doke Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik. Amurka ce ta tsayar da su. Abin da kika gani a wayar yayanki ba almara ba ne.

Sai dai ina so ki san su waye waɗannan mata, domin a nan ne yawancin masu mafarki suke yin kuskuren lissafi. Da yawansu 'ya'yan 'yan Najeriya ne da aka haifa a Amurka. Amy Okonkwo, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, a Kalifoniya ta tashi. Ezinne Kalu 'yar jihar New Jersey ce. Wadda ta horar da su a Paris da Abijan, Rena Wakama, a jihar North Carolina aka haife ta, iyayenta mutanen jihar Ribas ne. Waɗannan tun suna firamare suke da fili mai rufi da koci da takalmi da likita. Ba don in karya miki gwiwa na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don ki daina auna kanki da su, ki juya ki kalli waɗanda suka taso daga ƙasar nan, domin sawunsu ne za ki iya bi.

Biyu zan ba ki. Evelyn Akhator a Legas aka haife ta, a nan ta koyi wasan. Ta hanyar karatu ta fita: ƙaramar kwalejin Chipola a jihar Florida, daga nan jami'ar Kentucky, sannan a 2017 ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku cikin sababbin 'yan wasan gasar WNBA ta matan Amurka. Ta biyun ita ce Murjanatu Musa, mai suna irin na gidajenmu. Ita ta gasar cikin gida ta bi. A 2019 ta ci kofin gasar mata ta bankin Zenith tare da ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, aka ba ta kyautar gwarzuwar gasa, daga nan ta wuce ƙungiyar Celta a Sifaniya, sai Tarbes a Faransa, kuma tana cikin waɗanda suka wakilci Najeriya a Paris. Ɗaya ta bi makaranta, ɗaya ta bi ƙungiya mai rajista da kowa ya sani. Babu wadda wani baƙo ya kira ta a waya ta sulale daga gida.

Yanzu maganar kuɗi, tunda dala dubu ɗari ta shiga kunnenki. Gaskiya ne shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da wannan kyauta da gida da lambar girmamawa ga 'yan wasan bayan nasarar Abijan. Amma mata goma sha biyu ne a ƙungiyar, cikin ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu, kuma kyauta ce ta rana ɗaya, ba albashi ba. Wannan ƙungiya dai ita ce a watan Oktoban 2021 'yan wasanta suka fito a bidiyo suna kukan alawus ɗinsu na shekaru da ba a biya ba, alhali kofi uku a jere na hannunsu. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya saboda rikicin shugabanci a hukumar wasan. Kafin a janye matakin, gurbin da matan suka yi gumi suka samu a gasar cin kofin duniya ta Sidni ya tafi, an ba Mali. Ba su yi laifin komai ba, manya suka yi faɗa, su suka biya. Har yau in na tuna wannan raina yana ɓaci.

Gasar cikin gida kuwa zango-zango ake yin ta, 'yan makonni a shekara, kuma kaɗan ne daga ƙungiyoyin suke iya riƙe 'yar wasa da albashin da za ta rayu a kai. Waɗanda suka fi tsayuwa da ƙafarsu su ne masu uwa a gindin murhu, irin ta First Bank ta Legas da ta hukumar Kwastam. Ko a Amurka ƙofar ƙarama ce. A 2024 ƙungiyoyi goma sha biyu ne a gasar WNBA, kowace ba ta wuce 'yan wasa goma sha biyu, kujera 144 ke nan ga matan duniya baki ɗaya. Caitlin Clark, wadda ta fi kowace sabuwar 'yar wasa suna a shekarar, albashinta na gasar bai kai dala dubu tamanin ba. Shi ya sa da yawa cikinsu, da an rufe gasa, sai su wuce Turkiyya ko Sin ko Sifaniya su sake wata kakar ba hutu. Ga kuma jiki. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan wasa fiye da maza, kuma idan ta faru sai tiyata da jinyar wata tara zuwa shekara. Wadda Allah ya tsare ma, yawanci kafin ta kai arba'in ta ajiye takalmi, sauran rayuwa kuma tana gabanta.

Duk da wannan ba zan ce ki bari ba. Abin da ya ɗago kan yarinyar da ta yi shekaru tana tafiya a duƙe ba abin yarwa ba ne. Abin da zan ce shi ne, daga Bukkuyum hanyar filin ƙwallo ta cikin aji ta ratsa, babu wata. Ki ci jarrabawar WAEC ko NECO da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ki ci JAMB, ki nemi makaranta a garin da wasan yake da tushe. Zariya ce kan gaba. Wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a jami'ar Ahmadu Bello, kuma a Zariya Masai Ujiri ya tashi, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, ya kuma kafa shirin Giants of Africa da ke shirya sansanonin horo ga yara maza da mata. Akwai Kano, akwai Sakkwato inda kike da 'yar'uwa. A jami'a akwai fili, akwai koci, akwai gasar NUGA ta jami'o'in ƙasa inda masu neman 'yan wasa suke zuwa da idonsu. Idan wasan ya karɓe ki, kin shiga ta ƙofar gaba. Idan bai karɓe ki ba, kin fito da digiri.

Za ki ce lokaci zai ƙure. Ba zan ɓoye miki ba, kin ɗan makara idan aka kwatanta da 'yan Legas da suka fara tun suna shekara goma. Amma wannan wasa yana yi wa dogaye uzuri. Hakeem Olajuwon yana da kusan shekarunki ya fara, kafin nan ƙwallon hannu da tsaron raga yake yi, kuma a wata gasar makarantu da aka yi a Sakkwato ya fara buga ƙwallon kwando a gaban jama'a. Shi ne ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, yana azumin Ramadan a tsakiyar kakar wasa. Sai dai ki sani, santimita 184 tsawo ne a ajinku, a manyan gasanni kuwa za ki tarar da mata masu 190 da 'yan kai. Tsawo kaɗai ba zai ciyar da ke ba, sai hannu ya iya.

Don haka shekara biyun da suka rage miki a gida kada su tafi a banza. Ki sa yayanki ya auna tsayin bokitin nan, bakinsa ya zama mita 3 da santimita 5 daga ƙasa, domin jifan da aka saba da shi a tsayin da ba daidai ba wuyar gyara gare shi. Ki riƙa buga ƙwallo a ƙasa da hannun hagu har ya kamo na dama, kanki a ɗage, ba kina kallon ƙwallon ba. Ki yi tsallen igiya, shi ke gina ƙafa da numfashi, kuma a tsakar gida ake yi. Kada ki yi tsalle da silifas. Ki ci wake da zogale da gyaɗa da ƙwai da nono, da hanta idan ta samu, saboda budurwa mai motsa jiki tana saurin ƙarancin jini. In kin ji jiri ko bugun zuciya mai yawa, ki je asibiti a duba. A hutu, idan Baba ya yarda kin je Sakkwato, ki koma filin nan da rakiyar yayarki, ki nemi koci ya gyara miki tsayuwa da riƙon ƙwallo.

Saura Baba. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ke zaune a Bukkuyum, wanda ya ga abin da ya faru a Jangebe a watan Fabrairun 2021 lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana, wanda kuma ya san addu'ar da ake yi kafin a hau hanyar Anka zuwa Mayanchi, idan ya ji ɗiyarsa tana maganar tafiye-tafiye dole gabansa ya faɗi. Ke kin ce masa wasa, shi mota da daji da bakin mutane ya ji. Shirun Innarki kuma ba ƙi ba ne, ta wurinta za ki fara. Ku nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, yayarsa ko kawunsa ko malaminsa. Kuma kada a je masa da babbar buƙata. A roƙe shi abu biyu: ya bar ki ki ci gaba da karatu bayan sakandare, ya kuma bar ki ki riƙa motsa jiki a cikin gida da wurin yayarki. Sauran magana sakamakon jarrabawarki ne zai yi ta. Ki miƙe bayanki ɗiyata, tafiya a duƙe tana lalata ƙashin baya, kuma babu abin kunya a halittar Allah.

WASIƘA TA BIYU

Hajiya, barka da aiki. Ni magidanci ne daga Gummi. Ɗiyata tana makarantar 'yan mata a Gusau, an zaɓe ta cikin masu buga wa makaranta ƙwallon kwando, har malaminsu ya ce tana da baiwa. Ni ban ƙi motsa jiki ba, amma abin da nake gani a talabijin gajeren wando ne da kai a buɗe, maza sun cika wuri suna kallo. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron a ce ɗiyar wane 'yar ƙwallo ce, manema su gudu. Mahaifiyarta tana goyon bayanta. Mene ne shawararki?

Wani uba, daga Gummi.

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Damuwarka ta sutura wasu mata Musulmi sun riga ka ɗaukar ta, har suka sa aka canza dokar wasan a duniya. A 2014, a gasar ƙasashen Asiya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu, 'yan wasan Katar sun fice daga gasar gaba ɗaya da aka ce sai sun cire ɗankwali. Akwai kuma Bilkisu Abdulƙadir, Ba'amurkiya Musulma 'yar garin Springfield, garin da aka ƙirƙiro wasan a 1891. Tana sakandare ta ci maki sama da dubu uku, abin da babu namiji ko mace da ya taɓa yi a jiharsu. Ta buga wa jami'ar Memphis da ta jihar Indiana da kanta a rufe, da dogon hannu da dogon wando. Da ta gama ta so ta shiga wasan kuɗi a ƙasashen waje, sai dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta tare ta. Ta zaɓi hijabinta, ta rasa shekarun ƙarfinta, ta shiga fafutuka tare da wasu har hukumar ta sauya dokar a watan Mayun 2017, ta fara aiki a Oktoban shekarar. Yau ɗiyarka za ta iya shiga gasar duniya a rufe ruf, fuska da tafin hannu kaɗai a waje. Inda aka sani da matsala shi ne Faransa, wadda hukumar wasanta ta hana rufe kai a gasanninta, amma wannan magana ce ta nesa.

Hukuncin addini na malamai ne, ka kai musu tambayar da cikakken bayani: wace sutura, a wane wuri, gaban su wa, da rakiyar wa. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne ya tabbata a hadisi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Asalin motsa jikin mace ba shi ne abin tuhuma ba, yanayin da ake yin sa ne abin dubawa, kuma yanayin nan kana da iko a kansa. Ka je Gusau da kanka ka ga shugabar makarantar. Ka gindaya sharuɗɗanka a rubuce: cikakkiyar sutura, malama mace a wurin duk atisaye, ba tafiya wani gari sai da izininka da rakiyar malama, ba tafiyar dare, kuma ranar da makinta na aji ya faɗi wasa ya tsaya. Makarantar kirki za ta karɓi wannan da hannu biyu.

Maganar manema ba zan yi maka daɗin baki ba. Za a yi surutu, wani ma zai janye. Amma haka aka yi wa matan da suka fara karatun jinya da ungozoma a ƙasar nan, yau kuma kowane magidanci addu'a yake ya tarar da mace a ɗakin haihuwa idan ya kai iyalinsa. Ka dubi abin ta wannan fuska. Muna son 'ya'yanmu mata su motsa jiki a makaranta, ba ma son maza su horar da su, to daga ina malamai mata za su fito idan mun hana kowace yarinya koyo? Cikin yara ɗari masu buga wasan nan da wuya ɗaya ta zama 'yar wasan kuɗi, amma akwai koyar da motsa jiki da lafiya, akwai horarwa, akwai alƙalancin wasa, akwai aikin gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi a asibiti, duka sana'o'i ne da mace za ta yi da aurenta. Kano ta daɗe da ƙungiyar AHIP Queens a gasar mata ta ƙasa, sunan jiharka ma ya taɓa fitowa da ƙungiyar Zamfara Babes. Burina in ga ɗiyan Gummi da Anka da Bukkuyum a cikin rigar jiharsu, da suturarsu, iyayensu na zaune suna kallo. Idan lokacin aure ya zo, a faɗa wa mai nema gaskiya tun kafin a karɓi gaisuwa, wanda ya amince ya amince da saninsa.

WASIƘA TA UKU

Gwaggo, ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a ƙaramar hukumar Anka. Ɗalibaina sun dame ni in koya musu ƙwallon kwando. Na ɗan buga lokacin ina kwalejin horar da malamai, amma ba mu da fili, ba mu da ƙwallo, makaranta ba ta da kuɗi. Ta ina zan fara?

Ƙanwarki, daga Anka.

AMSA

Ƙanwata, wasiƙarki ta fi sauran faranta mini rai, domin irinki ne amsar wasiƙu biyun da suka gabata. Kada cikakken fili mai mita 28 da 15 ya tsorata ki, ba ki buƙatar sa yanzu. Akwai wasan 'yan uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, faɗinsa mita 15, tsawonsa 11, ana tashi a minti goma ko idan wani ɓangare ya kai maki 21. Ba wasan yara ba ne, tun gasar Tokyo yake cikin Olamfik. Yara shida sun isa a fara. Mai walda zai lanƙwasa miki rodi ya yi zobe mai faɗin santimita 45, kafinta ya yi allon katako mai mita 1.8 da 1.05, a kafa a ƙarfe ko gungume mai ƙarfi, bakin zoben ya tsaya mita 3.05 daga ƙasa. Layin jifan fanareti yana mita 4.6 daga allon. Ki naɗe gindin ƙarfen da tsohuwar katifa saboda karo. Ƙwallo ki sayi ta roba mai lamba 6, ita ce ta mata, ita ce kuma ke jure ƙasa, ki haɗa da famfo da allurarsa. Idan siminti ya gagara, tsofaffin matan garinku sun san daɓe, kuma daɓe mai kyau yana mayar da ƙwallo daidai gwargwado.

Abu ɗaya nake roƙon ki da girman Allah kada ki yi sakaci da shi, shi ne ƙasar da za ki share. Kin fi ni sanin abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara sama da ɗari huɗu suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gari. Wasan nan yana tayar da ƙura, yara suna shaƙa, ƙwallo tana taɓa ƙasa tana taɓa hannu, hannu yana zuwa baki. Kada ki kafa fili a inda aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi ko shanya shi, kada kuma a ɗebo ƙasar ciko daga irin wuraren. Ki tambayi dattawan unguwa tarihin wurin, ki nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su ba ki shawara, ki ajiye ruwa da sabulu a bakin fili.

Filin ya kasance cikin katangar makaranta, atisaye kuma cikin lokacin makaranta ko da sanyin safiya, kowace yarinya ta isa gida da sauran rana. A watannin bazara ki rage gudu, ki yawaita ruwa. Kafin ki sayi komai ki sami amincewar shugabar makaranta, ki kai maganar taron iyaye da malamai, ki karɓi izinin kowane uba a rubuce. Wasan farko da za ku yi ki gayyato iyaye mata su kaɗai su zauna su gani da idonsu, su za su kai labari gida fiye da yadda za ki iya. Idan kun yi zango biyu kuna atisaye ba fashi, ki rubuta wa ma'aikatar ilimi da ta wasanni a Gusau ta hannun shugabarku, ki nemi a sa makarantarku cikin masu shiga zagayen jiha na gasar Milo ta makarantun sakandare, ki kuma ajiye kwafin takardar a wurinki.